Barewa Guda a Takardar Gandun Daji

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake gudu in fake a ƙarƙashinta in rana ta take, ruwan farko da ke sauka a ƙasar da ta gaji da jira, ƙamshin da ke tashi bayansa, tauraruwar da ke riga 'yan'uwanta fitowa, ke da in kika yi murmushi sai in manta abin da na zo saya. Aminci ya tabbata gare ki, adadin ɗinkin da kekena ya yi tun ranar da na fara taka shi.

Ki lura da kyau, duk sunayen nan da na jero miki babu mai ƙafa huɗu a cikinsu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tantance, inuwa ce da ruwa da ƙamshi da tauraruwa, babu wanda hukuma ta hana a ajiye a gida. Na yi hankali, ko in ce an koya mini shi.

Bari in fara miki da ƙarshen labari, don zuciyata ba za ta iya riƙe shi har ƙasan takarda ba. Yau da hantsi Baba ya janye maganarsa. Aurenmu yana nan a ranar da aka sa, tafiyarmu gandun daji tana nan a makon da ke biye da shi. Alhamdu lillahi! Kwana goma sha biyu ina yawo da dutse a ƙirji, yau aka ɗauke mini shi, har ina jin in na yi tsalle ba lallai in dawo ƙasa ba. Da na koma shago na zauna a gaban keke sai na ji yunwa, yunwa ta gaske, irin wadda rabona da ita tun ranar da abin ya faru. Ashe ciki ma yana jiran izinin mahaifinki.

Amma Baba ya ce shi nasa ya yafe, naki kuma yana hannunki, tunda ke aka kunyata. Wayarki kuwa sai ta yi ƙara har ta katse, ba kya ɗauka, ban kuma ga laifinki ba. Shi ya sa na ba matar Yaya, babban wanki, wannan takarda ta kawo miki. Na san ajami yana sa ki karatu a hankali, kina bin layi da yatsa kina motsa baki. Haka nake so. Ki daɗe a kan kowace kalma, ko ba komai na samu kin zauna da ni na rabin awa.

Kin tuna ranar da iska ta yaga rumfar kantin maganin da kike aiki, aka kira ni in ɗinke ta? Na hau tsani da basilla a baki, na leƙo ƙasa, sai ga ki tsaye a bakin ƙofa da farar rigar aiki, kina kare rana da tafin hannu. Na miƙo miki bakin igiya na ce ki riƙe da ƙarfi, in kika saki duk rumfar za ta rufto kan masu sayen magani. Kika riƙe da hannu biyu, kika daddage, har da cije leɓe. Ni kuwa tuni na gama ɗaure komai, igiyar nan ba a haɗe take da komai ba sai ƙafar tsanina. Rabin awa ina kallonki ta gefen ido ina yi kamar mai aiki. Da kika gane ba ki yi faɗa ba. Kika shiga ciki kika fito da 'yar ledar magani, kika ce in riƙa shan ɗaya kullum kafin in buɗe baki. Da na je gida na kwance sai na ga alawa ce, mai danƙon nan da ke liƙe haƙora. A ranar na gaya wa Inna na ga matar da zan aura. Ko ɗagowa ba ta yi daga wankinta ba, ta ce Allah ya ba baiwar Allah haƙuri.

A bangon kantin nan akwai kalandar da shekararta ta wuce, kin hana a cire saboda hoton da ke jikinta: kogi shimfiɗe, giwaye suna ƙetarawa, sama buɗe har iyakar gani. Wata rana kina goge kanta kika ce tun da aka haife ki ba ki taɓa ɗaga kai kin ga sama babu wayar lantarki ta ratsa ta ba. Ba roƙona kika yi ba, faɗa kawai kika yi kika ci gaba da guga. Ni kuma na ɗauki maganar na sa a aljihun gaba. Wane irin namiji ne zai ji haka daga bakin wadda yake so ya iya barci? Me ɗinkin tamfol zai amfana mini in ban ɗinka wa matata ɗakin da za ta kwana a ƙarƙashin saman da take marmari ba?

To ga abin da ya faru a ofishin gandun dajin, daga bakina, don ke abin da ya zo ƙofar gidanku kawai kika gani.

Na je ne in kama mana wurin kafa tanti na kwana uku. Ofishin ɗaki ne ɗaya da fanka mai kuka, da taswira a bango, da akawu siriri mai tabarau a bayan kwamfuta. Takardar ba da haruffan da na sani aka rubuta ta ba, saboda haka shi ke karanto tambaya, ni ina amsawa, yana bugawa. Suna, na faɗa. Mutum nawa, na ce biyu, har da gyara zama. Kwana nawa, mota ko babur, za ku hura wuta ko kuna da risho, duk na amsa kamar mutumin kirki. Sai ya zo kan tambayar da ta kashe ni: za ku zo da wata dabba? Ke kin san bakina, yana riga ni fita. Kafin in ankara na ji ya ce, barewa guda.

Akawu ya tsaya da bugu. Ya dube ni ta saman tabarau, fuskar nan babu ko alamar dariya, ya jawo wani shafi dabam. Na ce a raina yau na haɗu da gwani, wannan ya fi ni iya ɗaure fuska. Ya tambaye ni ina take yanzu. Na ce tana gidan wani dattijo mai gyaran agogo, ya tsare ta ba ta fita sai da dalili, amma ya yi alkawarin ba ni ita wata mai zuwa. Ya ce saya zan yi? Na ce a'a, kyauta ce, sai dai na sha wuya kafin ya amince. Ya nemi adireshi, na ba shi har da launin ƙofa. Shekarunta? Na ce ba a tambayar irinsu shekaru. Tana da ƙaho? Na ce sai an taɓa ta yake fitowa. Ya ci gaba da tambaya, me take ci, me ke firgita ta, yaya ake lallashinta, tana da wani ciwo, ni kuma ina ta zuba, ina jin daɗin na samu inda zan yi zancenki ba a ce na ishi mutane ba. Na fito ina dariya ni kaɗai a titi. Ban sani ba ashe shafin nan na biyu na kai rahoton naman daji ne da wani ya ɓoye a gida, tambayoyin kuma don masu zuwa kamu su san yadda za su ɗauke ta ba tare da ta ji rauni ba.

Sauran kin fi ni sani. Ni daga bakin Yaya na ji, yana faɗa yana riƙe da wuyan rigata. Asabar da la'asar, lokacin da duk layinku ke waje, mota mai keji a baya ta tsaya a ƙofar gidanku, jami'ai uku da likitan dabbobi da raga. Baba, mutumin da shekara talatin ko mai karɓar kuɗin shara bai taɓa ɗaga masa murya ba, aka tsare shi a gaban maƙwabta ana tambayarsa ina ya ɓoye barewa. Ya ce shi ko kaza ba ya kiwo. Aka nuna masa takarda da sunana. Aka leƙa ɗakin ajiya, aka leƙa bayan tankin ruwa, aka ɗaga labulen kicin Mama na tsaye da ludayi. Sai ke kika fito da ruwa a faranti za ki ba baƙi, don ko a irin wannan rana tarbiyyarki ba ta bar ki ba. Likitan ya dubi takarda, ya dube ki, ya sake duban takarda, sai ya zauna a kan dakali yana dariya har da hawaye. Daga nan layi ya ɗauka. An ce mini kwana biyu ba ki je aiki ba, don duk wanda ya shigo sayen maganin ciwon kai sai ya tambaya ko barewa na nan.

Ya rabin raina, da na ji haka sai da na so ƙasa ta buɗe. Sunan da nake kiranki da shi a hankali, in mun tsaya a bakin ƙofa babu mai jin mu, sunan da in na faɗa kike kau da kai kina ɓoye murmushi, shi na ɗauka da hannuna na jefa tsakiyar titi kowa yana takawa. Ban taɓa yin wasan da ya sa ki kuka ba sai wannan. Ba ni da hujja. In na ce ban yi nufi ba gaskiya ne, amma me rashin nufina ya rage miki a cikin kwana biyun nan da kika yi a ɗaki?

Washegari Kawu, ƙanin Inna, ya zo shago, bai ko zauna ba. Ya ce Baba ya aiko shi, ba zai damƙa 'yarsa a hannun yaron da ke wasa da sunanta a ofishin hukuma ba, a dakatar da komai.

Kada Allah ya maimaita mini kwanakin da suka biyo baya. Na zama kamar rijiyar da aka yashe aka bar ta buɗe, kamar bishiyar da tsuntsaye suka tashi daga kanta gaba ɗaya. Rana ta fito ban ga amfaninta ba, ta faɗi ban yi kewarta ba. In na taka keke sai in ji yana kiran sunanki, in na tsaya shirun ya fi shi ƙara. Na ɗinka wa wani direba murfin kujera a juye, ya biya ni da zagi, na ce masa na gode. Abokan shago da kullum suke roƙona in rufa musu baki su yi aiki, sai ga su suna tsokanata ko zan tanka. Maƙwabcina mai faci ya kawo mini shayi da kansa, ya ce in dai mutuwa zan yi in fara dawo masa da almakashinsa. Inna kuwa cewa ta yi tun ina goye take jiran ranar da bakina zai kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba, ta faɗa tana zuba mini abincin da ta san ba zan ci ba. Ina zan kai tantin da na riga na yanka? Wa zan nuna wa kogin? Me zan yi da sama buɗe in ba ke a ƙarƙashinta?

Ban san yadda ake ba irin Baba haƙuri ba, don duk abin da na iya da baki ne, bakin kuma shi ne mai laifin. Sai na bar shi a gida. Kullum da safe in je shagonsa in gaishe shi, in zauna a bencin masu jira har azahar. Ba ya amsawa fiye da kalma ɗaya. Yana sunkuye da ɗan madubin nan maƙale a ido, yana taɓa cikin agogo da tsinken da bai kai gashi kauri ba, agogunan bango kuma kowanne da lokacin da yake nunawa, duk suna ƙirga mini zunubi. Kwana goma ina zaman nan ban yi wasa ko ɗaya ba. Har wani mutum ya shigo da agogon da ya ce yana gudu in ya shiga kasuwa yana tsayawa in ya je wurin surukai, amsa ta zo mini har kan harshe, na haɗiye ta. Na ga Baba ya ɗan ɗago ya dube ni. Ina jin a ranar ya fara yarda ciwon na gaske ne.

Yau da safe ina zama ya cire madubin, ya rufe akwatin aikinsa, ya ce tashi mu je. Bai faɗi ina ba, ni ma ban tambaya ba. Sai ga mu a ofishin gandun daji, gaban akawun nan, wanda da ya gan ni ya fara gyara tabarau kamar zai nutse a kujera. Baba ya zauna, ya ce masa, ɗana, ɗauko takardar nan ka karanta mini ita tun daga farko, tambaya da amsa, kada ka tsallake komai.

Na tsaya a bayansa kamar ranar da malam ya kama ni na zana kunnen jaki a allon babban ɗalibi. Akawu ya fara. Da ya zo kan maganar ƙaho na rufe ido. Sai ya shiga waɗanda ni kaina na manta na faɗa. Me take ci? Ba ta da zaɓe, sai dai ba ta son ɗanyar albasa, kuma in tana cikin damuwa ba ta ci sai an yi kamar ba a kallonta. Me ke firgita ta? Allura, da tsawa, da a ɗaga murya kusa da ita ko da ba da ita ake ba. Yaya ake lallashinta? Kada a bi ta, kada a taɓa ta, a ajiye mata ruwa a zauna nesa kaɗan, da kanta za ta matso. Tana da wani ciwo? Gwiwarta ta hagu tana damunta in gari ya yi sanyi, amma ba ta nunawa, kada a sa ta hawan tudu da sassafe.

Nan Baba ya ɗaga hannu. Ya ce a maimaita ta ƙarshen. Aka maimaita. Ya juyo ya dube ni, kallon da yake yi wa agogon da ya buɗe ya tarar da abin da bai zata ba. Ya ce, wa ya gaya maka maganar gwiwa? Na ce babu kowa, Baba, gani na yi in an yi ruwa da ƙafar dama take fara hawa matakalar kanti, tana dafa ƙofa. Can ya ce, shekara ashirin da wani abu tana gabana, ni ban san wannan ba.

Ki shirya, don yau sai ya tambaye ki gwiwar nan, kuma Mama ta riga ta ji. Wannan ma laifina ne, ki haɗa da sauran.

Daga nan ya ce wa akawu ya yaga wancan shafi ya buɗe sabo, a cike shi yadda ya kamata. Da aka zo kan tambayar dabba Baba ya riga ni, ya ce babu, sai dai wannan da ke tsaye a bayana, shi kuma ba na daji ba ne. Ban san Baba ya iya ba, wallahi ban sani ba. Akawu ya tuntsire da dariya, ni kuma na kasa. Sai aka zo layin ƙarshe, wa za a kira in wani abu ya same su a daji. Ina shirin faɗin lambar Kawu, Baba ya karanto tasa. Akawu ya ce, me kake a gare shi? Baba ya miƙe yana gyara hula, ya ce, rubuta surukinsa.

Hasken idona, na sha jin kalmomi masu daɗi a duniya, na kuma ƙirƙiro wasu da kaina, amma ban taɓa jin guda ɗaya ta ratsa ni kamar wannan ba. A hanya da muka zo mararraba ya ce bai hana ni dariya ba, gidan da ba a dariya shi ma ya san nauyinsa, amma sunan matata ba abin wasan waje ba ne. Na ce na ji. Ya ce ji ba wuya, riƙewa ce aiki, ya tsallaka titi ya bar ni tsaye ina share fuska da hannun riga.

Yanzu ki bar ni in yi miki zancen tafiyar, don kwana goma sha biyu ina tsoron ko tunaninta in yi. Wurin da aka ba mu yana kan ɗan fili kusa da kogi, babu tudu, na tambaya sau biyu. Akwai famfo da banɗaki, akwai masu tsaro da ke zagawa, akwai wasu iyalan a gefe, don haka ki gaya wa Mama ba a bakin kura zan ajiye ki ba. Da safe ja-gora zai ɗauke mu a mota ya kai mu inda giwaye ke shan ruwa, an ce in aka yi sa'a har da raƙuman dawa da ɓauna, dorina kuwa sai dai ki ga kunnuwa da hanci a saman ruwa kamar wadda aka yi wa laifi. Ba a fita daga mota, ba a ba birai abinci, ba a tsinkar ko ganye. An ja mini kunne musamman a kan kwaikwayon kukan dabbobi, ban san wa ya kai musu labarina ba.

Tantin na kusa gama shi. Tamfol ne mai ruwan ganye, sabo dal, ba ragowar aikin kowa ba. Na yi masa ɗinki biyu a kowace gaɓa, na shafe da kakin da ke hana yoyo, na watsa masa bokiti uku a bayan shago ko ɗigo bai shiga ba. Turakun mai walda ya buga mini, igiyoyin kuma a wannan karon duk a haɗe suke da wani abu, kina iya dubawa. Na tanadi gidan sauro, da bargo mai kauri saboda gwiwar da yanzu kowa ya san da ita, da risho da 'yar tukunyar shayi, da tocila biyu don na san za ki ɓatar da ɗaya ki ce ni ne. Yaya ya ce zai ara mana madubin hangen nesa, bayan ya gama fushi, ya ce in ba shi mako guda.

Ina hango ki da asuba kin fito kin tsaya a kan ciyawa mai raɓa, hazo yana tashi daga kogi kamar ana dafa shi, zabin daji suna gudu da 'yan ƙafafunsu, gauraka biyu sun ratsa, ke kuma kin ɗaga kai. Ba zan kalli sama ba a ranar. Me zan gani a can da ya fi fuskarki lokacin da kike ganinta? Ke ce kogin da zan je gani, ke ce iskar da za ta kaɗa tantin, ke ce safiyar. In giwaye suka ƙi fitowa ban yi asarar komai ba.

Ba zan yi miki alkawarin daina wasa ba, don ƙarya zan yi, kuma in na daina ba za ki gane ni a hanya ba. Zan ɓoye miki takalmi, zan ce miki akwai ƙadangare a mayafinki, zan tsufa ina yi har jikokinmu su gaji da ni. Abin da na ɗauka a gaban Allah shi ne wannan: ba zan ƙara sa wani ya yi dariya ke kina sunkuyar da kai ba. Duk wasan da ba za ki yi dariyarsa tare da ni ba, na haɗiye shi ko da zai shaƙe ni. Na gwada kwana goma a bencin Baba, ban mutu ba.

Saura abu ɗaya. A cikin ambulan ɗin nan akwai sabuwar takardar. Akawu ya ce duk wanda zai kwana a gandun sai ya sa hannu da kansa, babu mai sa wa wani, kuma in ba ta koma ofis kafin Alhamis mai zuwa ba za a ba wasu wurin. Layina na cike, naki yana nan fari. Baba ya ce kada in kuskura in matsa miki, ni ma ba zan yi ba. In kin ce a bar tafiyar, a bar ta, daji ba ya gudu. In kin ce fushinki bai gama ba, ki gama shi a tsanake, na ajiye ruwan na zauna nesa kaɗan.

Sai dai zan tona asirin matar Yaya, ta yafe mini. Da na kai mata saƙo ɗazu in tambaya ko za ta kawo miki takarda, ta ce jiya kuna yankan kayan miya, ba tare da kin dube ta ba kika ce, wai tantin nan nasa ko taga yana da ita? Ba shi da ita. Ban yi tunaninta ba sam. Na baro ta a tsaye na ruga shago, na shimfiɗa tamfol ɗin, na ɗauki almakashin mai faci na yanka ta a sama daidai inda kanki zai kwanta, na sa mata raga da murfi mai zif saboda ruwa. Garin sauri gefe ɗaya ya ɗan karkace, na bar shi haka don ki samu abin da za ki yi mini gori da shi har mu tsufa. Macen da ta gama da mutum ba ta tambayar tagar tantinsa. Da wannan na rayu yau, da shi zan kai Alhamis.

Ki sa hannu ki ba matar Yaya, ko ki zo shago da kanki ki yaga takardar a gabana. Ko wanne kika zaɓa na gode, amma in kin tambaye ni, na fi son wanda zan gan ki.

Ni ne naki, a gari da daji, ran da kike dariya da ran da kike ƙin ɗaukar wayata, ba ni da wata kafin ke, ba na neman wata bayanki, har ranar da za a naɗe ni a ƙyallen da ba ni na ɗinka ba.

Mai tamfol ɗinki.